Yadda ake gane shoyu mai kyau

Shoyu shi ne ruwan ɗanɗanon da Japanawa ke yi da waken soya, wanda a kantuna aka fi sani da soya sos. Kayan haɗinsa na asali huɗu ne: waken soya, alkama, gishiri da ruwa. Ana turara waken, a gasa alkamar a ɓarza ta, a cakuɗa su da wata funfuna mai suna koji, a bar su kamar kwana uku. Daga nan sai a zuba ruwan gishiri, a ƙyale haɗin ya tsimu: wata shida ko fiye a manyan masana'antu, shekara biyu zuwa uku a wajen masu tsima shi a gangunan katako, irin na tsibirin Shodoshima. In ya nuna sai a matse, a tace. Aikinsa a girki kusan irin na daddawa ne a miya.

Ba a gaban kwalba ake gane ingancinsa ba, a bayanta ne. Kalmar honjozo na nufin tsimuwa kaɗai aka yi. Akwai wanda ake gaurayawa da ruwan furotin da aka narkar da asid cikin 'yan kwanaki, sau da yawa a ƙara masa zaƙi da launi. Ya fi araha, amma ba shi da ƙamshin tsimamme. Idan jerin kayan haɗi ya yi tsawo, akwai abin dubawa. Marudaizu kuma na nufin da cikakken wake aka yi, ba wanda aka riga aka tatse wa mai ba.

Ma'aunin JAS na gwamnatin Japan ya kasa shoyu gida biyar. Koikuchi ne na yau da kullum, shi ne kusan kashi 80 cikin 100 na abin da ƙasar ke yi, kuma da shi kamfanonin Kikkoman na garin Noda da Yamasa na Choshi, wanda ya faro tun 1645, suka yi suna. Mai sayen kwalba ɗaya tak shi ya kamata ya ɗauka. In aka ɗiga shi a farin faranti, mai kyau yakan fito ja-ja garau, ba baƙi ƙirin ba.

Usukuchi ne ke ruɗin mutane. Launinsa bai kai na koikuchi duhu ba, sai a zaci gishirinsa kaɗan ne, alhali ya fi yawa: kashi 18 zuwa 19, a kan 16 zuwa 17 na koikuchi. Garin Tatsuno ne cibiyarsa, kuma masu girkin Kyoto na son sa don ba ya dusashe launin ganye da romo. Mai hawan jini ba shi yake nema ba. Nasa shi ne mai tambarin gen'en, wanda aka rage wa kusan rabin gishiri. Tamari na yankin Aichi, Gifu da Mie kusan wake ne zalla, mai kauri, ana dangwala ɗanyen kifi a ciki. Wanda alkama ke yi wa illa sai ya karanta jerin kayan haɗin, domin wani tamarin na da ita kaɗan. Saishikomi sau biyu ake tsima shi, shi ya sa yake da tsada. Shiro kuwa alkama ce ta fi yawa a cikinsa.

Tsimuwar kanta na haifar da ɗan sinadarin barasa, wasu kamfanoni kuma na ƙara shi don kada shoyun ya lalace. Akwai masu shaidar halal da ake yi domin kasuwannin Musulmi, tambarin na jikin kwalba.

Da zarar an buɗe, iska ke fara cin sa: launi ya yi duhu, ƙamshi ya ragu. Ƙaramar kwalba a firji, a ƙarar da ita cikin wata ɗaya ko biyu, ta fi babbar da za ta shekara kusa da murhu.