Albam na Biyu da Hukuncin Masu Sharhi

Tsakanin watan Oktoba na 2010 da Janairun 2011, mawaƙa mata uku masu salo iri ɗaya suka saki albam ɗinsu na biyu, wannan na bin wannan. Ta farko 'yar Nijeriya ce, Bukola Elemide, wadda duniya ta sani da suna Asa, ana furta shi Asha. Ta biyu ita ce Duffy, 'yar yankin Wales da ke Birtaniya. Ta uku kuwa Adele ce, haifaffiyar Landan. Dukansu sun yi tashe da albam na farko a 2007 ko 2008, kuma dukansu an zuba musu ido a ga abin da za su zo da shi. Ɗaya ta fita da mutuncinta, ɗaya kasuwa ta juya mata baya, ɗayar kuma ta yi cinikin da har yau ake ba da labarinsa.

Salon da suke yi ana ce masa sol. Asalinsa na baƙaƙen fatar Amurka ne, ya tsiro a shekarun 1950 da 1960 daga waƙoƙin coci da waƙoƙin koke na talakawa, a bakin irin su Ray Charles da Sam Cooke da Aretha Franklin. Murya ce jarinsa. Kiɗa yana biye da ita ne kawai, mawaƙi kuma yana rera abin da ke cin ransa kamar zai fashe da kuka. Da kamfanin Motown, wanda Berry Gordy ya kafa a Detroit a 1959, ya sassauta salon ya haɗa shi da waƙar yayi mai saurin kama baki, sai ya shiga kowane gida. Wannan gaurayen ne matan nan uku suka gada.

Me ya sa ake tsoron albam na biyu? Waƙoƙin farko mawaƙi ya daɗe yana tara su tun yana yaro, yana gyarawa, yana zubar da marasa kyau, ba mai matsa masa domin ba wanda ya san da shi. Da zarar sun karɓu, sai lokaci ya ƙure. Yau yana wasa a wannan gari, gobe a wancan, kamfani yana jiran riba, kuma ana so ya kawo sababbi goma cikin shekara ɗaya ko biyu. In ya maimaita abin da ya yi, a ce basirarsa ta ƙare. In ya sauya, a ce ya bar hanya. Kamar girkin amarya ne: na makon farko kowa yabawa yake yi, sai 'yan biki sun watse ake sanin ko ta iya tuƙa tuwo.

Asa ta fi kusa da mu, don haka bari mu daɗe a kanta. An haife ta a Paris a 1982, ta tashi a Legas, ta koyi jita a makarantar kiɗa ta Peter King da ke Badagry. Albam ɗinta na farko, mai ɗauke da sunanta, ya fito a 2007 a ƙarƙashin kamfanin Naïve na Faransa, da hannun Cobhams Asuquo, makaɗin nan makaho mai baiwa. A lokacin gidajen rediyon Legas sun cika da waƙoƙin rawa da na kuɗi, sai ga yarinya da tabarau da jita tana waƙa a kan zalunci da halin ko-in-kula. "Jailer" da "Fire on the Mountain" suka zama abin da ake nuna ta da shi. A 2008 ta lashe kyautar Constantin, wadda Faransa ke bai wa sabon mawaƙi da ya yi fice.

Sai ga Beautiful Imperfection a Oktoban 2010. Wannan karon Benjamin Constant ne ya haɗa kiɗan, kuma waƙar da aka fara saki, "Be My Man", ta soyayya ce mai tsalle-tsalle da ƙahonni, irin ta Amurkar shekarun 1960. Wadda aka saba gani tana zaune cikin tunani sai ga ta tana taka rawa. Nan masu sharhi suka rabu. Wasu suka ce ta girma, muryarta ta ƙara sakewa, kuma ba wanda ya ɗora mata wajibcin yin baƙin ciki har abada. Wasu suka ce an goge ta da yawa don ta dace da rediyon Turai, kaifin nan na farko ya dushe.

Ni dai ina ganin kowane ɓangare ya kama wani abu, amma na biyun sun yi saurin yanke hukunci daga waƙar talla. Wanda ya saurari albam ɗin har ƙarshe zai tarar da waƙoƙin Yarbanci uku, "Bimpé" da "Oré" da "Broda Olé", kuma a cikinsu ne ta fi sakin jiki. Akwai habaici a ciki, akwai zolaya, irin maganar da mace ke yaɓa wa wanda ya shiga mata hanci a tsakar gida, abin da Bahaushiyar da ta taɓa jin Barmani Choge za ta gane ko da ba ta jin Yarbanci. "Preacher Man" da "Questions" kuma suna nan da nauyinsu na tunani. Abin da ya ragu shi ne fushi, basira tana nan. A 2011 aka sa ta cikin jerin waɗanda ke takarar gwarzuwar mawaƙiya a bikin Victoires de la Musique, mafi girman bikin kyaututtukan waƙa a Faransa. Ta kuma ci gaba da tafiya a sannu, ba gaggawa: Bed of Stone a 2014, Lucid a 2019, V a 2022.

Duffy ce ta sha kaye. Albam ɗinta na farko, Rockferry, shi ya fi kowane ciniki a Birtaniya a 2008, ya kawo mata kyautar Grammy da kyaututtukan Brit uku. Kafin na biyu sai ta rabu da masu kula da harkokinta da Bernard Butler, wanda ya taimaka wajen gina sautin farko, ta koma aiki da tsohon marubucin waƙa Albert Hammond. Endlessly ya fito a Nuwamban 2010, ya tsaya a lamba ta 9 a jadawalin cinikin Birtaniya, waƙar tallarsa ma ba ta shiga arba'in na farko ba. Masu sharhi da dama suka ce waƙoƙin ba su da nauyi, muryar kuma an matse ta har tana soke kunne. Daga nan aka daina jin ɗuriyarta, jama'a suka ɗauka faɗuwar albam ce ta kore ta. Sai a Fabrairun 2020 ta bayyana da kanta cewa an taɓa sace ta, aka tsare ta, aka yi mata fyaɗe. Mai sharhi yana da hurumi a kan abin da kunnensa ya ji. Abin da ke bayan labule bai san shi ba, kuma duk wanda ya tsallaka daga aiki zuwa rayuwar mai aikin, to zato yake sayarwa.

Labarin Adele sananne ne. Albam ɗin 21 ya fito a Janairun 2011, ya yi mako 24 a saman jadawalin Amurka, ya kwashi Grammy shida a 2012, an sayar da fiye da kwafi miliyan 30. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne masu sharhi ba su rikice a kansa ba lokacin da ya fito. A shafin Metacritic, wanda ke tattara makin jaridu, ya sami 76 cikin 100. Maki ne mai kyau, amma ba na ban mamaki ba. An yaba muryar, an kuma yi ƙorafin cewa tsakiyar albam ɗin ta yi sanyi, waƙoƙin sun yi kama da juna. Kasuwa ta yi gaba abinta. Wannan bai sa sharhin ya zama ƙarya ba, domin ciniki yana auna yawan waɗanda suka so abu ne, sharhi kuma yana bayanin abin da ke cikinsa.

To, mu dawo gida. A Udubo, ko Gamawa, ko cikin Azare, a jihar Bauchi, waƙa ba ta zuwa a matsayin albam. Matashi zai je shagon mai cajin waya ya miƙa memori ya ce a tura masa sababbi, a zuba masa ɗari a haɗe, ta Nura M. Inuwa kusa da ta Umar M. Shareef, ta Ali Jita a bayan ta Indiya, wani lokaci ma ba sunan mawaƙi a jiki. Zamanin da ake jiran kaset ko faifai daga Ƙofar Wambai ta Kano ya wuce. Saboda haka jarrabawar mawaƙinmu ta fi ta Adele tsanani, domin shi ba a jiran albam na biyu, waƙa ta biyu ake jira. Hamisu Breaker ya ga haka bayan "Jarumar Mata" ta mamaye wayoyi a 2020, lokacin kullen korona: duk abin da ya saki daga baya, da ita ake auna shi.

Kuma wa ke aunawar? A nan gizo ke saƙar. Muna da masu yabo, waɗanda kowace waƙa a wurinsu bakandamiya ce. Muna da masoya da ke zagin juna a Facebook da TikTok kan wane ne sarki. Muna da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, amma aikinta duba tarbiyya da doka ne, ba ta zauna don ta ce amshin nan ya yi rauni ba. Malamai suna magana kan halacci da haramci, wannan ma fage ne daban. Mutumin da zai saurari waƙoƙi goma a jere, ya dawo ya ce ta uku ta fi ta farko saboda kaza, ta bakwai karin Indiya aka ɗauko aka sa mata Hausa, muryar nan na'ura ce ta miƙe ta ba maƙogwaro ba, shi ne ya yi ƙaranci.

Ba don ba mu da kayan aikin ba. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan waƙoƙin Mamman Shata tun a shekarun 1970. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka daki-daki: jigo, salo, zubi da tsari, amshi, rauji. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana bin diddigin yadda karin Indiya da na Amurka suka shigo waƙar Hausa. Mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, ta nuna cewa akwai masu karanta irin wannan rubutu. Matsalar ita ce yawancin nazarin yana ƙarewa a kundin digiri, a kan kanta, ƙura na binsa, kuma ya fi karkata ga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Shata ba ya buƙatar gyara yanzu. Yaron da ke shiga situdiyo gobe shi ke buƙata.

Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa wa mawaƙan kansu. Da yawa cikinsu suna ɗaukar duk wata suka a matsayin hassada, yaransu kuma su yi wa mai maganar ca. Wannan ɗabi'a ce ke sa mai ilimin abin ya kama bakinsa. Alhali gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Asa ta ji an ce ta yi laushi, ba ta kai kowa kotu ba, ta ɗauki shekara huɗu ta dawo da albam na uku. Shi ma mai sharhin akwai sharaɗi a kansa: kada ya karɓi na goro daga mawaƙi, kada ya yi hukunci da waƙa ɗaya, kada ya shiga auren mutum ko asalinsa, kuma in ya ce abu bai yi ba, ya nuna a wane baiti, a wane minti.

Ga ɗaliban Hausa na jami'ar jiha da ke Gadau da na Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare, ga fage nan a buɗe. Ku zaɓi mawaƙi mai rai, ku ɗauki albam ɗinsa na farko da na biyu, ku saurara a jere daga farko har ƙarshe, ku rubuta shafi biyu da Hausar da mai shagon caji zai karanta ya gane, ku sa sunanku a ƙasa. Gidajen rediyon jihar Bauchi kuma su ware wa irin wannan sharhi ko da rabin awa ne a mako.