Wayar Yaya a Hannun Ƙane: Yadda Za a Kare 'Yan Makaranta Daga Cin Zarafi a Intanet

A Gummi, kamar a Anka da Bukkuyum, da wuya a ga ɗan firamare ko ɗan ƙaramar sakandare da wayar kansa. Wayar yayansa ko ta mahaifiyarsa yake ara bayan an tashi daga makaranta, ya leƙa guruf ɗin ajinsu a WhatsApp ko ya kalli TikTok. Saboda haka mai wayar shi ne mutum na farko da zai iya kare yaron.

Cin zarafin yakan fara ne da wasa. A ɗauki hoton yaro ba da saninsa ba, a mayar da shi sitika, a laƙa masa suna, kowa ya tura. A watan Afrilun 2024, bidiyon wata ɗaliba da abokan karatunta ke mari a wata makaranta mai zaman kanta a Abuja ya karaɗe intanet, har aka rufe makarantar na kwana uku. Marin ya wuce a ranar, amma bidiyon ya ci gaba da yawo daga waya zuwa waya.

Akwai alamomin da ya kamata a lura da su: yaro ya riƙa goge saƙonni da sauri, ya daina walwala bayan ya taɓa waya, ko ya fara ƙin zuwa makaranta ba gaira ba dalili.

Idan an gano haka, kada a yi saurin ƙwace wayar, domin yaron zai koyi ɓoyewa. A fara ɗaukar hoton saƙonnin a adana, sannan a toshe lambar a kai ƙara ga WhatsApp, wanda zai karɓi saƙonni biyar na ƙarshe daga mai lambar. A sashen sirri, a taƙaita waɗanda za su iya saka lambar a guruf. Manhajar Family Link ta Google da tsarin Family Pairing na TikTok suna ba babba damar iyakance lokaci da abin da yaro zai gani.

Bayan haka sai a kai shaidar ga shugaban makaranta. Idan abin ya kai ga barazana, sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, ya ba 'yan sanda hurumin shiga maganar.