Lissafin da kwamfuta ke so da wanda mutum ke iya karantawa

A 2005 kamfanin id Software ya saki rubutun manhajar wasan Quake III Arena, wanda ya fito a 1999, masu rubuta manhaja kuwa suka ci karo da wasu 'yan layuka da suka ɗaure musu kai. Aikin layukan shi ne nemo 1/√x, lissafin da wasan ke maimaitawa ba adadi domin haske ya sauka daidai a jikin bango. Maimakon a rubuta shi kamar yadda yake a littafi, sai aka sako wata lamba, 0x5f3759df, aka yi wasa da ƙwayoyin lambar da ke cikin ƙwaƙwalwar na'ura, aka gyara amsar sau ɗaya da hanyar Newton. Amsar ba ta kauce da fiye da kashi 0.2 cikin ɗari ba, ga kuma sauri. Sai dai an ɗauki shekaru ana binciken inda lambar ta samo asali, domin babu bayanin da aka bari a gefenta.

Ba kowace dabarar sauri ce ke rufe ido haka ba. Ɗauki ax³ + bx² + cx + d. In aka rubuta shi kai tsaye, kwamfuta za ta yi ninki shida. In aka jera shi ((ax + b)x + c)x + d, wato hanyar da ake jingina wa William Horner tun 1819, ninki uku ya wadatar, kuma ɗalibin sakandare zai iya warware baka-biyun ya ga lissafi ɗaya ne. Irin wannan canji ni ban ga dalilin ƙin sa ba.

Abin da ke damuna shi ne mai rubutu ya murɗe lissafi tun bai auna inda manhajar ke ɓata lokaci ba. Masanin kwamfuta Donald Knuth ya yi gargaɗi a kan haka a 1974, yana ganin ɗan ƙaramin sashe ne kawai, kamar kashi uku cikin ɗari, ya cancanci wannan wahala. A wannan sashen ma, kamata ya yi a rubuta asalin lissafin a gefe, saboda wanda zai zo gyara bayan shekara biyu.

Dabarar Quake kanta ba ta daɗe tana cin kasuwa ba. A 1999 ɗin Intel ta sa wa Pentium III umarni guda da ke yin lissafin 1/√x kai tsaye.