Ɗan Yara Bai Ƙaura Ba, Amma Takardunsa Sun Zaga Jiha Uku

Daga Wakilinmu na Arewa

A ɗauki mutumin da aka haifa a unguwar Yara cikin garin Keffi a 1965, wanda yanzu yake sayar da albasa a Mile 12 a Ikko. Ran da aka raɗa masa suna, Keffi tana Lardin Binuwai ne a Jihar Arewa. Ran 27 ga Mayu 1967 Gowon ya yanka ƙasa jiha 12, sai ya zama ɗan Binuwai da Filato. A 1976 Murtala ya mai da shi ɗan Filato, kana ran 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa. Gidan ubansa yana nan inda yake, ko katanga ba ta gusa ba.

To, mutum ya gane wannan. Kwamfuta fa?

Masu ƙera manhaja, watau umarnin da ke tafiyar da kwamfuta, suna da wata hanyar aiki mai kama da ta magina. Kafin a aza tubali sai an zana taswira. Injiniya zai zana cewa kowane mutum yana da suna, ranar haihuwa, jiha da ƙaramar hukuma, ya ja layi tsakaninsu, sa'an nan wata manhaja ta karanta zanen ta rubuta yawancin umarnin da kanta. Wata ƙungiya a Amurka mai suna OMG ce ta tsayar da salon zanen da ake kira UML a 1997, ta kuma fito da tsarin gina manhaja daga taswira a 2001.

Wahalar ita ce taswirar ba ta zama wuri ɗaya. Duk ran da hukuma ta sake doka sai an taɓa ta, kuma dole tsofaffin bayanan jama'a su bi sabon zane. Mun gani da idonmu sa'ad da Babban Bankin Nijeriya ya ba da umarni a 2010 cewa lambar asusu ta koma lamba 10, sai BVN a 2014, sai kuma umarnin Disamba 2020 na haɗa layin waya da lambar NIN.

Wani canjin mai sauƙi ne. Da aka mai da Jihar Arewa ta Tsakiya ta zama Kaduna a 1976, ai sauya suna ne, inji zai iya yinsa dare ɗaya. Raba jiha biyu shi ne aiki. In takarda ta ce "Filato" kurum, ba gari ba ƙaramar hukuma, yaya inji zai san ko mutumin Keffi ne ko na Pankshin? Ba ya iyawa. Sai an tambayi mai takarda, shi kuwa yana Agege ko Sabon Badun yana neman abincinsa.

Abin da masana ke koya wa inji yanzu shi ne duba baya. Ana adana kowace taswira da aka taɓa yi, ta jiya da ta yau, inji ya gwama su ya ga abin da aka ƙara da abin da aka cire ko aka raba. In ya ga irin canjin sau da dama, sai ya koyi cewa duk wanda ya raba jiha yakan bi ƙananan hukumomi ɗaya ɗaya ya sake musu uwa, ya tunatar da injiniya in ya manta. A ganina wannan ba ƙaramin taimako ba ne, domin mantuwar mutum ɗaya a ofis ita ke tsayar da tsoho a layin banki ko na fansho. Amma injin ba ya ƙago abin da ba a rubuta ba tun farko.

Saboda haka, jama'armu na Kurmi, kada a yar da tsohuwar takardar haihuwa ko ta makaranta don tana ɗauke da sunan jihar da babu ita yau. In za a cika sabon fom a rubuta gari da ƙaramar hukuma sosai, kuma in an tashi zuwa gida da Salla a biya sakatariyar ƙaramar hukuma a karɓi takardar shaidar asali mai sunan Nasarawa.