Yadda A Ke Auna Ƙurar Da Mu Ke Shaƙa

Yau zancenmu a kan ƙura ne, da hanyoyin da masana su ke bi su auna ta.

Tun da hunturu ya shigo, duk wanda ya leƙa ɗakin shan magani a ƙasar Kankia ko Kusada ya ga benci cike da masu tari da mura da ciwon ido. Kwanan baya wani dattijo daga wajen Rimaye ya kawo mini jikansa yana tari. Ya ce, "Malam, ba dai ƙura ba ce, kwana uku ke nan gari a washe." Na ɗauki yaron, sai na ji rigarsa tana ƙaurin hayaƙi. Ashe a ɗakin da a ke hura wutar kara don jin ɗumi ya ke kwana. Dattijon nan ya auna iska da idonsa, idon kuwa rabin gaskiya ya gaya masa. Kowane ma'auni na ƙura haka ya ke, akwai abin da ya ke gani, akwai abin da ya ke ɓace masa.

Ku fara sanin wannan. Baligi ya kan shaƙi iska wajen lita 10,000 kowace rana, watau cikin duro 50. Duk abin da ke yawo cikin iskar nan da shi a ke shaƙa. Ƙura kuwa kamar dakakkiyar dawa ta ke, akwai tsaki, akwai gari mai laushi. Masana suna auna girman ƙwayarta da maikiron, watau milimita ɗaya a raba ta dubu. Kaurin gashin kai ɗaya ya kan kai maikiron 50 zuwa 70. Ƙurar da ba ta wuce maikiron 10 ba suna ce mata PM10, wadda ba ta wuce biyu da rabi ba kuwa PM2.5. Manyan ƙwayoyi gashin hanci da majina su ke tare su, ka fyace su fita. Ƙananan su ne mugaye, gama su kan zarce har ƙarshen huhu, mafi ƙanƙanta ma su shiga jini. Ido ba ya ganinsu ɗai-ɗai.

Hanya mafi tsufa ita ce ta ido. Ma'aikatan duba yanayi na filayen jirgin sama, kamar na Katsina da na Kano, suna da alamomin da suka san nisansu. Su kan duba su ga wace ce ta ƙarshe da a ke iya hange. In mutum bai iya hangen abin da ya wuce mita 1,000 ba, sai hukumarsu ta NiMet ta yi shelar hazo mai kauri. Kai ma kana iya yin haka a ƙauyenku: zaɓi wata kuka ko dogon ƙarfen waya mai nisa, ka riƙa dubansa kowace safiya. Ran da ya ɓace, ka san baƙuwa ta iso. Baƙuwa na ce, domin yawancin hazon nan daga wani kwari ya ke tasowa a ƙasar Cadi, wai shi Bodele, fiye da kilomita 1,000 daga nan. Gindin wani tsohon tafki ne da ya ƙafe, ƙasarsa cike da ɓawon ƙananan halittun ruwa, shi ya sa ƙurar ta ke fari-fari. Wannan hanya ba ta cin ko kwabo. Amma ba ta faɗin nauyin ƙurar, ba ta kuwa leƙa cikin ɗaki.

Sai hanyar kasko. A ajiye buɗaɗɗen mazubi a bisa, a bar shi wata guda, a auna abin da ya zuba ciki. Wani masani, Grant McTainsh, ya tara ƙurar hunturu ta wannan fuska a Kano, ya buga sakamakon a 1980. Hanyar tana da amfani ga mai son sanin yawan ƙasar da iska ke zubawa a gonaki. Ga likita kuwa amfaninta kaɗan ne. Abin da ya faɗa kasko mai nauyi ne, mai laushin da ke cutar huhu ya kan kwana da kwanaki yana shawagi bai sauka ba.

To, ga uwar ma'aunai, wadda a ke gwada sauran da ita. Inji ne mai zuƙar iska kamar yadda mutum ke yi. A bakinsa akwai wata dabara mai aikin rariya, tana ware manyan ƙwayoyi, ƙananan su wuce su maƙale a wata farar takardar tacewa. A kan auna nauyin takardar kafin a sa ta, a bar injin ya yi awa 24 yana zuƙa, a cire a sake aunawa. Abin da ya ƙaru shi ne ƙurar. A kan faɗi sakamakon da maikirogiram, watau giram ɗaya a raba shi miliyan, cikin iskar da za ta cika duro biyar. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada PM2.5 ta wuce 15 a yini, kada PM10 ta wuce 45.

Ku dubi ƙanƙantar abin. Irin wannan inji ya kan zuƙi iska lita 24,000 a yini. In iskar tana daidai kan iyakar nan ta 15, duk abin da zai taru a takardar maikirogiram 360 ne, bai kai kashi ɗaya cikin goma na nauyin ƙwayar gero guda ba. Don haka sikelin mai auduga ba ya wannan aiki. Sai sikeli na musamman, a ɗakin da a ke tsare zafinsa da laimarsa, gama ko laimar da takarda ta sha ta isa ta ɓata lissafi. Ga shi yana son lantarki marar yankewa. Sakamakon kuma sai bayan kwanaki ya ke fitowa, mai asma ya riga ya sha wahalarsa. Gaskiyarsa ba ta da na biyu, amma mai nawa ne, mai tsada.

Bari in ɗan ratse in ba ku labarin Ingila, don ku ga yadda ma'aunin wata ƙasa zai iya ruɗin wata. A watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya rufe birnin Landan kwana biyar. Lissafin farko ya ce mutum 4,000 suka mutu, binciken baya ya kai adadin wajen 12,000. A zamanin nan Turawan Ingila su kan zuƙi iska ta cikin farar takarda, su dubi iyakar baƙin da ta yi. Dabara ce mai kyau ga hayaƙin kwal, tun da baƙi ne. Da za a kawo ta Kusada ran da hazo ya rufe gari, sai ta raina abin, domin ƙurarmu ba baƙa ba ce.

Akwai injin da ya gyara nawar wancan. An ɗora takardar tacewa a kan tsinin wani siririn bututu mai kaɗawa. Ƙura na taruwa, kaɗawar tana raguwa, kamar zangarniyar da tsuntsu ya sauka a kanta, injin kuwa yana lissafin nauyin nan take. A 2006 aka kafa irinsa a ƙauyen Banizumbu, gabas da Yamai a Nijar, da wasu a Mali da Senegal. Sun nuna wani abin da manomi zai gane: ƙurar da ta fi kowace kauri ba ta hunturu ba ce, ta iskar nan ce da ke zuwa gaban hadari a farkon damina. Sai dai ita ba ta daɗewa, ta hunturu kuwa sai ta yi kwanaki.

Yanzu kuma an yi ƙananan na'urori, wasu ba su fi rediyon hannu girma ba. Lokacin da mu ke makarantar mishan, malaminmu ya taɓa rufe tagogin aji duka, ya bar ƙafa ɗaya, ya kaɗa tsumman goge allo, muka ga ƙura tana rawa cikin hasken rana. Haka na'urar nan ke aiki. Tana haska siririn haske cikin iska, ta ƙirga walƙiyar da ƙwayoyi ke yi, ta kintaci nauyinsu. Ku lura, kintace na ce. In iska ta yi laima, ƙwayoyin su kan kumbura, sai ta faɗi fiye da gaskiya. Masu arha daga cikinsu kuma sun fi gane hayaƙi, ƙurar hamada mai ɗan girma ta kan wuce su ba su ƙirga ta duka ba. In an gwada ta gefen babban inji an daidaita ta, tana da amfani ƙwarai. In ba a yi ba, kada ku ɗauki lambarta tamkar yankan wuƙa.

Lambar da wasu ke gani a wayar hannu, wai ta iskar Kankia, sau da yawa daga tauraron ɗan Adam da lissafin kwamfuta ta ke. Tauraro yana ganin ƙura tun daga Cadi, ya ba da gargaɗi kafin ta iso. Amma daga sama ya ke leƙe, bai san abin da ke cikin madafinku ba.

Madafin kuwa shi ne ya fi damuna. Masu bincike su kan rataya wa mace ƙaramin inji mai takardar tacewa kusa da ƙirjinta, ta yini da shi tana hidimarta. Wannan ne kaɗai ke faɗin abin da ita kanta ta shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ɗakin da iska ba ta ratsawa, hayaƙin itace ya kan ninka iyakar da aka yarda da ita har sau 100. Ta kuma ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya, fiye da 237,000 daga ciki yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ku ɗaga kai ku dubi kunkunniyar da ke rufin ɗakin girki. Takardar tacewa ce ita ma, wadda ba a auna ba. Goyon da ke bayan uwa abin nan ya ke shaƙa.

Saboda haka ku yi girki a fili, ko ku huda taga a madafi. Ku yi amfani da busasshen itace, kada ku hura wuta da leda ko roba. A ba wani ya riƙe jariri nesa da murhu. Kada a kwana da wuta a rufaffen ɗaki, komai ɗari. Ran hazo mai kauri, tsofaffi da masu asma su rage fita, a yayyafa ruwa kafin shara. Rawani ko gyale a hanci yana tare manyan ƙwayoyi, ya kuma taimaka wajen sussuka da sheƙa, amma mai laushin tana ratsa shi.

Akwai awo ɗaya da kowace uwa za ta iya, ba inji ba lantarki. In yaro yana tari, a bari ya natsu, a buɗe cikinsa, a ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur da agogo. Jaririn da bai kai wata biyu ba, in ya kai 60. Daga wata biyu zuwa shekara guda, in ya kai 50. Daga shekara guda zuwa biyar, in ya kai 40. Wanda ya kai haka, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, a kawo mana shi ran nan, kada a jira gari ya waye, ko da hazo ko babu.