Hutun Direbobin Tanka: Abin da Doka ta Tanada da Yadda Ake Bin Sawunsa

Duk man fetur da gas ɗin da ake sayarwa a gidajen mai na Yelwa da sauran unguwannin Mubi, a Jihar Adamawa, a bayan tanka yake isowa garin. Yawancinsa daga kudancin ƙasar nan ake ɗauko shi, kuma motar da ta yi lodi a Legas sai ta ci fiye da kilomita 1,500 kafin ta ratsa Song da Gombi da Hong ta sauke kayanta a Mubi. Mai mota yana lissafin man da tankar za ta sha a hanya da taya da kuɗin hanya. Abin da ba kasafai yake shiga littafinsa ba shi ne awowin da direba ya samu ya yi barci, alhali kuwa a kan wannan ne lafiyar motar da kayan da ke cikinta suka dogara.

Abin da doka ta ce

Ƙa'idojin zirga-zirgar motoci na ƙasa na shekarar 2012, waɗanda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, watau FRSC, take aiki da su, sun gindaya sharuɗɗa uku. Kada direban motar haya ya yi tuƙi fiye da awa biyar da rabi a jere. Kada jimillar tuƙinsa ta wuce awa goma da rabi a cikin awa 24. Sa'an nan wajibi ne ya samu hutun aƙalla awa takwas a jere a cikin kowace awa 24. Laifin bai tsaya a kan direba kaɗai ba, domin dokar ta haɗa da wanda ya sa shi ko ya ƙyale shi ya ƙetare iyakar, watau ubangidansa.

Lissafin ba shi da wuya. Gudun da aka yarda wa tanka a babbar hanya shi ne kilomita 50 a awa guda. Tafiyar kilomita 1,500 ke nan za ta ci awa 30 ta tuƙi zalla, watau kwana uku idan aka bi ƙa'ida, ban da tsayawa a shingayen bincike da lallaɓawa a wuraren da hanya ta lalace. Saboda haka duk mai motar da direbansa ya taso daga Legas ya iso Mubi a kwana biyu, to, ɗayan biyu ya faru: ko an yi gudun wuce sa'a, ko an ci bashin barci.

Illar rashin barci

Wani bincike da aka yi a Ostareliya aka buga a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa da saurin ɗaukar matakinsa sukan ragu kamar na wanda ya sha barasa har ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, don haka gyangyaɗin daƙiƙa huɗu kacal yana nufin tankar ta yi fiye da mita 50 ba mai riƙe da ita. Goro da shayi da ƙwayoyin hana barci suna jinkirta gyangyaɗi ne kawai. Barci ba ya yafe bashi.

Ko mene ne sanadinsa, faɗuwar tanka ba ƙaramin bala'i ba ne. A watan Oktoba na 2024 mutane fiye da 150 suka rasu a Majiya ta Jihar Jigawa bayan da wata tankar da ta kife ta kama da wuta, kuma a Janairun 2025 aka sake yin irin wannan rashi a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja. Bayan haka ne hukumar NMDPRA mai kula da sufuri da rarraba mai ta hana yi wa tankoki masu ɗaukar lita 60,000 lodi daga ranar 1 ga Maris, 2025. Wannan mataki ya shafi nauyin kaya ne. Gajiyar wanda ke riƙe da sitiyari kuwa matsala ce ta daban.

Jira hutu ne ko aiki?

Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin jira. Direban tanka yakan shafe yini, wani lokaci kwanaki, a layin daffo. Motar a tsaye take, amma shi ba ya iya barci mai nauyi, domin dole ya matsa gaba duk lokacin da layi ya motsa, ya bi takardu, ya tsare motarsa. Da an gama lodi sai ya kama hanya, a ganin ubangidansa ya huta, alhali a gajiye ya fara tafiyar.

Wannan tambaya ta daɗe tana jawo muhawara a filayen haƙar mai na Amurka. Dokar ƙasar ta ba direban babbar mota damar tuƙin awa 11 a cikin awa 14 na aiki, bayan hutun awa 10 a jere, kuma kafin ya sabunta lissafin makonsa yakan huta awa 34. Amma tun 1962 aka yi wa masu hidimar rijiyoyin mai sassauci iri biyu. Na farko, hutun awa 24 ya ishe su sabunta lissafin mako. Na biyu, direbobin da aka horar musamman don sarrafa motocin da aka ƙera domin aikin rijiya suna iya rubuta lokacin da suka yi suna jira a bakin rijiya a matsayin hutu, da sharaɗin a nuna shi daban a cikin littafin aiki. Wannan sassauci na biyu bai haɗa da masu jigilar ruwa da yashi ba. Masu sukar tsarin suna nuni da alƙaluman hukumomin lafiya na ƙasar, waɗanda suka tabbatar da cewa haɗarin mota ne kan gaba wajen kashe ma'aikatan haƙar mai da iskar gas.

Batun bai yi nisa da Arewa maso Gabas ba. A 2019 kamfanin NNPC ya ba da sanarwar gano mai a Kolmani, kan iyakar jihohin Bauchi da Gombe, kuma a ranar 22 ga Nuwamba, 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin. Aikin rijiya yana buƙatar motocin kai bututu da siminti da ruwa da gas, kuma manyan kamfanonin mai sun saba neman shaidar awowin direba kafin su ba da kwangilar sufuri. Ɗan kasuwar da ke hangen irin wannan aiki, tun yanzu ya kamata littattafansa su kasance a shirye.

Hanyoyin bin sawu

Hanya mafi sauƙi ita ce littafin direba, inda ake raba kowace rana gida huɗu: tuƙi, aikin da ba tuƙi ba, jira, da hutu. Rauninsa shi ne hannu ke rubuta shi. Maganin wannan shi ne a riƙa gwada shi da takardun da ba direba ya rubuta ba, kamar lokacin fita da ke kan takardar lodi ta daffo, da rasidin shan mai a hanya, da lokacin da manajan gidan mai ya sa hannu cewa kaya sun iso.

Hanya ta biyu ita ce na'ura. Ƙasashen Tarayyar Turai suna amfani da takogiraf, wadda ke rubuta gudu da tsayawar mota, kuma tun 2006 ake sa wa sababbin motoci mai aiki da katin direba. A can tuƙin yini awa tara ne, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi. Amurka ta wajabta na'urar rubuta awowi daga Disambar 2017. A Nijeriya, FRSC ta fara tilasta sa na'urar ƙayyade gudu a motocin haya a Fabrairun 2017, sai dai gudu take tsarewa, ba ta ƙirga awowi. Masu motoci da yawa kuma sun riga sun sa na'urar bin sawu ta tauraron ɗan'adam saboda tsoron sata da karkatar da mai. Ita wannan na'ura tana nuna lokacin da mota ta tsaya da tsawon tsayuwar, don haka bayanin hutu yana hannunsu ba tare da ƙarin kuɗi ba. Dubawa ce kawai ba a yi.

Amma na'ura mota take gani, ba mutum ba. Tanka tana iya yin awa takwas a Tafa ko Mararrabar Jos, direban kuwa yana gyaran taya ko gadin kaya. Haka kuma idan direba ya miƙa wa yaron mota sitiyari shi ya kwanta, na'urar ba za ta faɗa ba.

Abin da ya rage ga masu motoci

Tushen matsalar yana cikin tsarin biya. Muddin ana biyan direba bisa yawan sawun da ya yi, to, kowace awa ta barci asara ce a aljihunsa, kuma ba littafin da zai hana shi tafiyar dare. Gyaran yana hannun masu motoci da ƙungiyarsu ta NARTO da reshen direbobin tanka na NUPENG: albashi tsayayye, da kuɗin jira a daffo, da direbobi biyu masu lasisi a doguwar tafiya, da wuraren kwana da aka ayyana tun kafin a tashi. Tun 2007 tsarin FRSC ya wajabta wa duk mai motocin haya biyar ko fiye ya yi rajista ya kuma naɗa jami'in kula da lafiyar tafiya; duba awowin hutu aikin wannan jami'i ne.

Dillalin da ke jiran kaya a Mubi shi ma yana da rawar takawa. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, jarin da ke cikin tanka guda ya ninka, kuma hakan yana sa wasu su matsa wa direba da waya ya iso da wuri. Jinkirin kwana guda ragin riba ne; tankar da ta kife a hanya kuwa tana tafiya da jarin da motar, wani lokaci har da rayuka.