Ma'anar "Sabo" a Wurin Masu Tantance Ƙirƙira: Misali Daga Sadarwar Zaren Gilashi

Gabatarwa

A bakin Bahaushe, abu sabo shi ne wanda idonsa bai taɓa gani ba, ko wanda ba a fara mora ba. A wurin masu ba da takardar mallakar ƙirƙira kuwa, kalmar tana da ma'ana mai tsauri, kuma a kanta ake samun dukiya ko a rasa. Wannan ɗan rubutu zai dubi yadda ake tantance sabuntar ƙirƙira, tare da misali daga fasahar aika saƙo da haske.

Yadda Fasahar Take

Idan mutum ya aika saƙon intanet daga Izom, kusa da Suleja a Jihar Neja, zuwa ga ɗan'uwansa a Ingila, iska ba ta ɗaukar saƙon sai ɗan taƙi kaɗan. Galibin tafiyar a cikin zaren gilashi ake yin ta, wanda ake kira faiba, mai kauri kamar silin gashi. A 1966 Charles Kao da George Hockham suka nuna cewa gilashi mai tsabta zai iya kai haske nesa, sannan a 1970 kamfanin Corning na Amurka ya ƙera irin wannan zare.

Da farko haske iri ɗaya ake turawa a kowane zare. Daga baya aka gano ana iya tura iri-iri a lokaci guda, kowanne da tsawon zangonsa da saƙonsa, kamar yadda launukan bakan gizo ke tafiya tare ba su cakuɗe ba. Hasken ba ya ganuwa ga ido, amma bari mu kira kowane iri "launi" don sauƙi. Wata na'ura ke haɗa launukan a bakin zare, wata ta rarrabe su a ƙarshensa. A 1996 kamfanin Ciena ya fitar da tsari mai launi 16 a zare guda. Wayoyin ƙarƙashin teku da suka sauka a Legas, irin su MainOne da Glo-1, da wannan dabara suke aiki.

Aikin Mai Tantancewa

Mai neman takardar mallaka yana rubuta bayanin ƙirƙirarsa, ya rufe da jerin da'awowi, wato jimlolin da ke shata iyakar abin da yake cewa nasa ne. Waɗannan jimloli mai tantancewa yake aunawa, ba na'urar kanta ba.

A ce wani injiniya ya rubuta da'awa mai sassa huɗu: fitilun leza masu launi daban-daban, na'urar haɗa su, zare guda, da na'urar rarrabewa. Mai tantancewa zai binciki duk abin da aka bayyana kafin ranar shigar da takardar: tsofaffin takardun mallaka, mujallun ilimi, kundayen digiri, har da littattafan talla na kamfanoni. Idan ya sami rubutu guda ɗaya da ya ƙunshi sassan nan huɗu, to ƙirƙirar ba sabuwa ba ce. Idan kuwa uku na cikin wani rubutu, na huɗun na cikin wani daban, ta tsallake wannan siraɗi, amma saura tambaya ta biyu: shin duk wani ƙwararre a fagen ba zai yi tunanin haɗa su da kansa ba?

A nan ne ɗalibin harshe zai ga aikinsa. Idan injiniyan ya rubuta "launi biyu ko fiye", tsohon rubutu da ya bayyana launi 16 ya rushe masa da'awa, domin 16 na cikin "biyu ko fiye". Amma tsohon rubutun da ya ce "launuka da yawa" kawai ba lallai ya rushe da'awar da ta fayyace wani tsari takamaimai ba. Wanda ya riga ya ambaci akuya ya hana ka mallakar "dabba", amma wanda ya ce "dabba" bai ambaci akuya ba. Saboda haka ƙananan kalmomi irin su "da", "ko" da "aƙalla" suna iya faɗaɗa gona ko su rage ta.

Yadda Abin Yake a Nijeriya

Dokar mallakar ƙirƙira da zane ta 1970 ta gindaya sharuɗɗa uku: ƙirƙira ta zama sabuwa, ta fito daga hikimar mai ita, kuma masana'antu su iya aiki da ita. Dokar ta ɗauki duk abin da ya isa ga jama'a a ko'ina a duniya, ta hanyar rubutu ko magana ko amfani, a matsayin sanannen abu. Ke nan wanda ya kwance sirrin na'urarsa a taron jama'a kafin ya shigar da takarda ya cuci kansa, don magana zarar bunu ce.

Sai dai ofishin rajista da ke Abuja cikar takardu kawai yake dubawa, ba ya binciken sabunta kamar yadda ofisoshin Amurka da Turai ke yi. Ana ba da takardar ne ba tare da lamunin ingancinta ba, tsawon shekara 20 daga ranar shigarwa, in ana biyan kuɗin shekara-shekara. Duk mai ja da ita sai ya tafi Babbar Kotun Tarayya, wadda ke da ikon soke ta. Tun 2005 Nijeriya ta shiga yarjejeniyar haɗin gwiwa ta duniya kan mallakar ƙirƙira, wadda ke ba ɗan ƙasa damar samun rahoton bincike daga wani babban ofishin waje.

Kammalawa

Riƙe takarda a hannu bai tabbatar da cewa ƙirƙira sabuwa ce ba, musamman a fage irin na zaren gilashi da aka shafe fiye da shekara 50 ana rubutu a kansa. Ya kamata mai ƙirƙira ya kame bakinsa, ya yi bincike, sannan ya nemi wanda ya san nauyin kalma ya taya shi tsara da'awarsa kafin ya doshi Abuja.